Daga Rugu Zuwa Gashaka: Tarihin Ciyawar Da Ke Riƙe Mana Ruwa

Duk wanda ya taɓa tsallaka Karaduwa a watan Maris ya san kamanninta: rairayi fari tas, sai 'yan ramukan da masu lambu suka haƙa a tsakiyar gulbi suna jiran ruwa ya tsattsafo. Wata biyar bayan haka, a tsakiyar Agusta, wannan gulbin ne zai cika ya batse a dare ɗaya, ruwansa ja wur, ya ci gaɓa, ya yagi gefen gonar wani, ya wuce madatsar Zobe. Kwana biyu kuma ya janye. Dattawanmu na Matazu sukan ce da can ruwan a hankali yake zuwa, kuma yakan daɗe kafin ya ƙafe. Mukan ɗauki zancen a matsayin irin na tsofaffi, waɗanda komai na da ya fi na yanzu daɗi a bakinsu. To amma a wannan karon suna da hujja, kuma hujjar tana ƙarƙashin ƙafarmu.

Ciyawa mai daɗewa irin gamba, wadda saiwarta ke nan da rai ko da rani, takan tare ɗigon ruwan sama kafin ya daki ƙasa, ta rage masa gudu, ta ba shi lokaci ya nutse. Abin da ya nutse a tudu da damina shi ke tsattsafowa a fadama da rani. In aka kawar da ciyawar, kofato ya daddaƙe wurin ya koma faƙo, ruwa ba shi da wurin tsayawa, sai ya kwashi ƙasar ya tafi da ita. Jan da muke gani a ruwan Karaduwa gonakinmu ne ke tafiya.

Ruwan nan in ya bar Zobe yakan shiga Bunsuru, ya faɗa Rima, ya bi ta Sakkwato ya sami kogin Neja. A Lokoja yake haɗuwa da Binuwai, wadda ta ɗauko wani ɓangare na ruwanta daga wasu tsaunuka masu ciyawa da ke iyakarmu da Kamaru, a jihohin Taraba da Adamawa. Za mu je can, domin a can har yanzu ana kokawa da matsalar da mu nan ta riga ta kayar da mu. Amma bari mu fara daga gida.

Kafin zuwan Turawa, daji a ƙasar Katsina yana da masu shi. Gari yana da huruminsa, shanu suna da burtali da mashaya, kuma kowa ya san inda gona ta tsaya. Bayan girbi manomi kan roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, shi kuma ya ba da damin gero ko dawa. Ana saɓawa, ana kai ƙara gaban dagaci, amma kowannensu yana buƙatar ɗan'uwansa. Wajen 1890 annobar bushiya ta ratsa ƙasar nan ta kashe mafi yawan shanu. Saboda haka lokacin da Turawa suka shigo Katsina a 1903, sun tarar da daji mai yawa da shanu kaɗan, suka kuma ɗauka haka abin yake tun fil azal.

Dokar gandun daji ta 1916 ta buɗe ƙofar keɓe dazuzzuka, daga baya En'e ta riƙa shata nata. A nan aka haifi malamin daji, mutumin da kakanninmu suka fi sani da tara fiye da dashe. Abin da ke ran hukuma a lokacin shi ne katako da itacen wuta da kare bakin koguna. Ciyawa kuwa ba ta shiga lissafi sosai. A gefe guda abubuwa biyu suna ta girma a kan ƙasa ɗaya. Allurar rigakafi ta sa shanu sun dawo sun ninka. Jirgin ƙasa ya iso Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, injinan gurzar auduga suka kafu a Funtuwa da Malumfashi, gona ta fara cin daji.

Wani ma'aikacin dabbobi, Hamisu Kano, yana cikin waɗanda suka fara hango inda aka nufa tun a shekarun 1950, ya matsa a keɓe wa makiyaya filayensu na dindindin. Maganar ta zama doka a 1965, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar filayen kiwo. Kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka fara gwada abin yana yamma da mu, bayan Ɗanmusa da Safana: gandun dajin Ruma da na Kukar Jangarai, fili fiye da hekta 100,000, wanda yau kowa ya fi saninsa da dajin Rugu. Da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Amurka aka haƙa tafkuna, aka share hanyoyin tare gobara, aka kawo likitocin dabbobi, aka rarraba dajin kashi-kashi don shanu su yi kiwo a wannan yanki su bar wancan ya huta.

Ya kamata mu tsaya a kan wannan batu na hutu, domin shi ne zuciyar aikin. Gamba tana son a ci ta. In aka bar ta shekara da shekaru ba kiwo ba wuta, tsohon kara kan danne sabon toho, sarƙaƙƙiya ta mamaye wurin. Abin da ba ta jurewa shi ne a ci ta yau, ta tsiro a sake ci gobe, tun daga ruwan farko har ƙarshen damina. Saiwarta kan ƙare abincin da ta tara, ta mutu. Sai ciyawa mai shekara ɗaya ta gaje ta, irin kyasuwa da ƙarangiya. In matsin ya ci gaba su ma su tafi, a bar tafasa da garmani, waɗanda saniya ke ratsawa tana kau da kai. Makiyayi ya san wannan jeri tun kafin a rubuta shi a littafi, shi ya sa yake tashi. Abin da aka so yi a Rugu shi ne a mayar da wannan tashin ya zama zagaye a cikin fili ɗaya mai iyaka.

Tsarin yana buƙatar abu biyu: ma'aikacin da ke nan kullum, da makiyayin da ya yarda cewa in ya hana shanunsa ciyawar bana, shi zai ci moriyarta baɗi. Duka biyun sun kuɓuce. Masu tallafi suka tafi, tafkuna suka cike da laka ba mai yashewa. Farin 1973 ya koro dabbobi daga arewa, kuma ba wanda zai ce wa mai garken da ke mutuwa wannan yanki yana hutu. Makiyayin da ya yi haƙuri sai ya ga baƙo ya cinye abin da ya bari.

Sauran labarin da idonmu muka gani, ko da idon iyayenmu. A 1975 Bankin Duniya ya kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa, takin zamani ya yi arha, masara ta zama sarauniya, tarakta ta shiga inda garma ba ta taɓa zuwa ba. Alheri ne, ba mai musu, gidaje da yawa a yankin nan da kuɗin masara aka yi musu kwano. Sai dai manomin da ke da buhun taki ba ya buƙatar saukar Bafulatani kamar da. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna da ƙaramar hukuma, kuma mai takarda ya fi mai tarihi ƙarfi. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna, wadda muke cikinta har 1987. Talakawa sun yi murna, kuma sun cancanci murnar, don an sha azaba a kan jangali. Amma shi ne kusan dalili ɗaya da ke sa hukuma ta ƙirga shanu, ta san arɗo da sunansa, ta san rugar da ta tashi da wadda ta sauka. Da aka cire shi ba a sa komai a gurbinsa ba. Sannan a farkon shekarun 1990 shirin Fadama ya zo da injin ban-ruwa, fadamar da shanu ke dogaro da ita da rani ta koma albasa da tumatir. Burtali ya tsuke, gandun daji aka riƙa yanka shi gonaki ana ba masu hali. Abin da Rugu ya koma daga baya ba sai an gaya wa mutumin Sayaya ko na Mazoji ba.

Yanzu mu hau tsauni. Tudun Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, yana kan tsayin kusan mita 1,600 daga teku. Wanda ya saba da zafin Katsina in ya je Gembu sai ya nemi bargo. Tuddai ne masu laushi suna bin juna, ciyawa shar, hazo da safe, kurmi a cikin kwaruruka. Yankin yana ƙarƙashin Jamus har yaƙin duniya na ɗaya, sannan Ingila ta riƙe shi amana, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya zaɓi zama cikin Nijeriya. Sanyin wurin ya hana ƙudan tsando zama, don haka ba sammore. Ga mai shanu wannan aljannar duniya ce. Tun wajen shekarun 1940 Fulani suka riƙa hawa da garkunansu, suka tarar da manoman Mambila da suka daɗe a wurin.

Abin da ya sami gambarmu shi ya sami ciyawar Mambila, sai dai a kan gangare. Dogayen ciyayi na asali suka ja baya, wata gajeriyar ciyawa mai tauri, mai tsirowa dunƙule-dunƙule, ta mamaye tuddai. Tsakanin dunƙule da dunƙule ƙasa a buɗe take. Hanyoyin shanu suka zama kwazazzabai. Aka dasa turare ko'ina don katako da itace, shi kuwa turare shan ruwa gare shi. Manyan mutane suka sami takardun filaye suka ja waya. Rikicin ƙasa tsakanin manoma da makiyaya ya kai ga zubar da jini a 2002, ya sake kaiwa a 2017.

A arewa da Mambila akwai gandun Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandun daji na tarayya girma a Nijeriya, fiye da murabba'in kilomita 6,000. An fara keɓe shi a 1972, ya zama na tarayya a 1991. A cikinsa Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowanne tsayi a ƙasar nan, mita 2,419. Akwai birai masu kama da mutum a kurminsa, kuma daga tsaunukansa ƙoramun da ke ciyar da kogin Taraba suke gangarowa. Abin da ya ja hankalinmu a tarihinsa shi ne shawarar da aka yanke tun farko game da mutanen da aka tarar a kan tuddai. Ba a kore su ba. An shata musu yankuna a cikin gandun, irin su Chappal Hendu da Filinga da Sabere, aka ce su zauna su yi kiwo da noma a ciki, su bar farauta, su kuma zama idon hukuma.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya tafi sumul. Shanu sun yi yawa a yankunan fiye da yadda aka zata. Kowace shekara ana cinna wa ciyawa wuta don sabon toho, wutar kuma takan lashi bakin kurmi, kurmin yana ja da baya taku-taku. Bushiyar 1983 ta tsallaka daga shanu ta kashe ɓauna da yawa. Zaki ya ɓace, kuma ana ɗora laifin a kan gubar da ake sa wa mushe. An yi shekarun da ma'aikatan gandun ba su da mota ba su da kayan aiki, masu saran madobiya da masu haƙar ma'adinai suka shigo, har aka kashe wasu ma'aikatan. A 2017 hukumar gandayen tarayya ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da wata gidauniya mai suna ANI don a tafiyar da wurin tare, aka horar da sababbin masu gadi, da yawansu 'ya'yan ƙauyukan kewaye. Duk da wannan tangal-tangal, bayan shekara hamsin gandun yana nan, kurmin yana nan, Fulanin kan tudu suna nan, kuma akwai teburin da ake zama a yi gardama a kan adadin shanu da lokacin sa wuta. A Rugu teburin ne ya fara ɓacewa.

Wani ƙaramin gwaji a kan Mambila ya nuna yadda gyara ke da wuya. Kurmin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, an keɓe shi a 1969. A shekarun 1970 wani jami'in daji, J. D. Chapman, ya zagaya kurmukan tsaunukan nan ya rubuta itatuwansu. Bayan kusan shekara talatin 'yarsa, Hazel Chapman, malama a jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand, ta dawo ta bi sawunsa don ta ga abin da ya saura, daga nan aka kafa tashar bincike a bakin kurmin. Suka kewaye wasu filayen ciyawa da waya, ba shanu ba wuta, suna jiran kurmi ya dawo da kansa. Ya fara dawowa, amma da tafiyar hawainiya. Ciyawar da ta samu sarari sai ta yi kauri ta danne 'ya'yan itatuwa, iri kuma sai tsuntsu ko biri ya kawo shi. Dole aka koma renon dashe, ana shukawa da hannu, matasan Yelwa suna bi suna dubawa. Ita kanta wayar sai an yi ta lallashin maƙwabta kafin ta kwana a tsaye.

Akwai wata irin ƙasa da ake samu a kwarurukan tsaunuka masu sanyi da yawan ruwa, wadda mu a Katsina ba mu da ita, don zafinmu da raninmu ba sa barin ganye ya taru. Inda ruwa ke kwance shekara duka, matattun tsirrai ba sa gama ruɓewa, sai su yi ta taruwa bisa juna, kusan milimita 1 a shekara, har su zama baƙar ƙasa mai laushi da ke shan ruwa ta riƙe. Bari mu kira ta ƙasar soso. Mita ɗaya nata aikin shekara dubu ne. A Ayalan da Sikotlan sukan yanke ta su shanya su yi wuta da ita, kamar yadda ake yi da kashin shanu a nan. Ba ta wuce kashi 3 cikin ɗari na doron ƙasa ba, amma kabon ɗin da ke ƙunshe cikinta ya fi na dukan itatuwan dazuzzukan duniya. In aka tsane mata ruwa sai ta bushe ta saki wannan kabon a iska, wani lokaci ta kama wuta ta yi watanni tana ci ta ƙarƙashi.

Ruwanda ta ɗanɗana abin da taɓa irin wannan ƙasa ke jawowa. A arewacin ƙasar, a tsayin fiye da mita 2,000, akwai dausayin Rugezi, wanda ruwansa ke zuba a tafkunan Burera da Ruhondo, ya juya injinan lantarki na Ntaruka da Mukungwa. Aka yi ta haƙa magudanai a cikinsa ana noma, ana kiwo, ana yankan ciyawa. A 2004, da ƙarancin ruwan sama ya haɗu da wannan ɓarna, tafkunan suka sauka, wuta ta yi ƙaranci a Kigali, gwamnati ta koma hayar janareto da tsadar man dizal. Sai ta hana noma da tsane ruwa a dausayin, aka toshe magudanai, a 2005 aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Waɗanda aka hana shiga an taimaka musu da gyaran gonakin gangare da dashen itatuwa da wasu sana'o'i, ko da yake ba kowa ya gamsu ba, kuma talakan da ya rasa kadadarsa ya ji jiki. Cikin 'yan shekaru ruwa ya dawo, injina suka tashi. Har gauraka ta ƙaru a wurin. Mu kuwa da muke kiran gauraka tsuntsuwar ƙasa, yaushe rabon da wani ya ji kukanta a fadamun Katsina?

Abin da ya ceci Rugezi, a ganinmu, shi ne duhun da aka yi a babban birni. Mai mulki ya ji a jikinsa cewa fitilar ofishinsa tana haɗe da wani dausayi da bai taɓa takawa ba. Fadamarmu ita ce 'yar'uwar wannan dausayi mafi kusa, ita ma soso ce, ko da yake ta laka da rairayi. Amma in ta mutu ba wanda ke rasa wuta a Abuja. Rijiya ce ke ƙara gaba biyu, mai lambu ya ƙara tsawon bututu, madatsar Zobe da aka gama a 1983 ta ci gaba da karɓar ƙasar gonakinmu tana tarawa a cikinta, shiru.

A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da amincewa da sababbin gandaye goma, cikinsu har da Falgore a Kano, da dausayin Haɗeja a Jigawa, da dajin Kogo na yankin Faskari a nan kudancin Katsina. A watan Disamban shekarar ne kuma, ranar 11 ga wata, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka nausa da su daji. Labaran biyu sun fito kusan tare, kuma kusan a kan daji ɗaya suke magana. Muna maraba da Kogo. Sai dai wanda ya karanta tarihin Rugu zai so ya ji wa za a zauna da shi, wane arɗo, wane dagaci, wace ruga aka tarar a ciki kuma ina za ta, wa zai yashe tafki a shekara ta goma bayan an gama bikin buɗewa.

Gamba dai ba ta ƙare a Matazu ba. In ka bi hanyar gona da kaka za ka gan ta layi-layi a kan iyakoki, ta fi mutum tsayi, kanta yana rausaya. Manoma ne ke dasa ta da gangan, su raba saiwa su kafa tsakanin gonarsu da ta maƙwabci. Tana nuna iyaka, tana tare ƙasar da ruwa ya ɗauko, kuma in ta bushe mai ita ya yanka ya saƙa zana ko ya kai kasuwa. Yaron da ya bar akuya ta shiga cikinta da damina, kafin magariba maganar ta isa gidansu.